In bar gareji in tafi kwaleji, ko in haƙura?

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 20, haifaffen Agege a nan Legas. Bayan na gama sakandare, mahaifina, wanda yake sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, ya kai ni garejin wani amininsa domin in koyi kanikanci. An yi yarjejeniyar shekara huɗu, yanzu na cinye biyu. Maigidana Bayarabe ne, mutumin kirki, bai taɓa wulaƙanta ni ba, kuma ya sakar mini aiki har hannuna ya faɗa a gyaran birki da kuloci da ƙafar mota. Damuwata ita ce, duk motar da aka kawo da matsalar wuta, ko wadda fitilar inji ta kama a gaban direba, sai dai mu kira wani mai na'ura ya zo ya jona, cikin 'yan mintoci ya karɓi abin da ba ma samu a yini guda. Idan bai zo ba, sai mu yi ta lalube muna sauya kaya har mai mota ya fusata. Ina so in bar garejin in shiga kwaleji, kamar Yabatech, wato Kwalejin Fasaha ta Yaba, in yi karatun gyaran mota na zamani in sami takarda. Ina da kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da wasu darussa biyu, amma na faɗi Kimistiri. Mahaifina ya ce sam bai yarda ba, domin karya alkawari abin kunya ne, masu digiri ma yawo suke yi, ga kuma ƙannena biyar a wuyansa. Mahaifiyata ta ce za ta ba ni kuɗin adashenta in yi rajista ba tare da ya sani ba. Ba zan ɓoye ba, idan abokaina da suka tafi jami'a suka zo hutu suka same ni dumu-dumu da baƙin mai, nakan ji na muzanta. Malam, in bar garejin ko in haƙura?

Wani matashi daga Agege

Wa'alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma zan fara ba ka amsa kai tsaye kafin in kawo dalilai: kada ka bar garejin nan yanzu, kuma kada ka haƙura da karatu. Ka ɗauka cewa dole sai ka saki ɗaya kafin ka kama ɗaya, shi ma mahaifinka haka ya ɗauka, shi ya sa kowannenku ya ja daga. A halin da kake ciki akwai hanyar da za ka riƙe duka biyun, kuma a ganina ita ce mafi alheri gare ka, ko da a ce kuɗin makaranta yana aljihunka a yau.

Abin da idonka ya gano a garejin gaskiya ne, ba raina sana'a ba ne kuma ba son jiki ba ne. Yawancin manyan kanikawanmu sun koyi aiki ne a zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna da ƙananan Volkswagen da ake haɗawa a Ojo tun daga 1975, motocin kafireta waɗanda mutum zai kasa kunne ya ji ƙarar inji, ya shinshini hayaƙi, ya duba launin fulogi, ya faɗi cutar. Motar yau kwamfuta ce ke lissafa mata man da za ta sha da lokacin da fulogi zai ba da wuta, tana karɓar rahoto daga sensa iri-iri da ke jikin inji da salansa da tayoyi. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin binciken nan da ake kira OBD-II, wato wannan soket mai ramuka 16 da kake gani a ƙarƙashin sitiyari, inda mai na'urarku yake jonawa. Da yawa daga cikin tokunbo, wato motocin hannu da ake shigowa da su daga waje, da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Tin Can da Apapa kuwa daga can suke fitowa. Saboda haka garejin da ba ya iya karanta abin da kwamfutar mota take faɗa, aikinsa raguwa zai yi ta yi a hankali, komai ƙwarewar mai shi.

Sai dai ina so ka lura da wani abu da matasa da yawa suke kuskurewa. Ba na'urar ce take gyara mota ba, kuma ba ita ce take gano cutar ba. Ɗauki misali: an kawo Corolla tana rawa idan an tsaya, fitilar inji a kunne, aka jona na'ura ta fitar da lambar P0171. Abin da lambar take nufi kawai shi ne iska ta rinjayi mai a abin da inji yake ƙonawa, domin injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi. Wanda ya sayi na'ura bai yi karatu ba zai ce sensar salansa ce ta mutu, a tura yaro kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ya sayo wata, a ɗaura, bayan kwana biyu fitila ta dawo, mai mota kuma ya yi asarar kuɗinsa da yardarsa gaba ɗaya. Wanda ya san yadda abin yake aiki zai buɗe gaban mota ya bi tiyon iska da yatsa, ya lanƙwasa shi ko zai ga tsaga a cikin ninkin robar, ya duba ko sensar da ke auna iska ta yi ƙura, ya auna ƙarfin da famfon mai yake turowa, sannan ya yanke hukunci. Sau da yawa cutar ba ta wuce tiyo da ya tsage ba. Abin da mai na'urar nan yake karɓar kuɗi a kansa ke nan, idan har gwani ne: sanin yadda wuta take tafiya a waya, iya karanta zanen wayoyin mota, da ɗabi'ar aunawa kafin a kwance. Wannan shi ne abin da za ka je nema a makaranta, kuma yana da kyau ka san sunan abin da kake nema tun kafin ka biya ko sisi.

Garejin shi ma yana ba ka abin da babu ajin da zai ba ka. Yadda ake kwance notin da ya yi tsatsa ba tare da an karya shi ba, yadda ake bambance kaya na asali da jabu a Ladipo ko a kasuwar Trade Fair, yadda ake lallashin mai mota da ya zo da fushi, da yadda ake yanke kuɗin aiki ba tare da an cuci kai ko an cuci mutum ba, duk a ƙarƙashin mota da gaban maigida ake koyonsu. Shekara biyu da ka yi jari ne, kuma ragowar biyun su ne lokacin da ake sakar wa yaro manyan ayyuka kamar sauke inji da kwance giyar mota. Wanda ya fita a tsakiya yakan tashi bai zama bakanike ba, bai kuma zama injiniya ba.

Yanzu mu zo kan kwalejin da ka ambata, domin a nan ne nake tsoron kada ka yi tsammanin wani abu ka tarar da wani. Yabatech makaranta ce mai daraja, an kafa ta a 1947, kuma ita ce babbar makaranta ta farko a Najeriya. Amma ƙaramar difloma, wato ND, a fannin injiniyancin injuna ba kwas ɗin gyaran mota ba ne. Shekara biyu ne na lissafi mai zurfi, da zanen injiniya, da ilimin ƙarafa da zafi da ruwa, da aikin ɗakin ƙere-ƙere, mota kuwa ɓangare ne kawai a cikinsa. Ana tura ɗalibi wasu watanni ya yi aikin gwaji a ƙarƙashin shirin SIWES, bayan ya gama ya yi shekara guda yana aiki a masana'anta, sannan ya dawo ya ƙara shekara biyu idan yana son babbar difloma, wato HND. Ka ga shekara biyar ke nan idan komai ya tafi daidai. Shiga kuma tana buƙatar jarrabawar JAMB da kiredit a darussan da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri, wato da sakamakon da ke hannunka a yau, ko mahaifinka ya ce ka tafi, ƙofar ba za ta buɗe ba tukuna. Ban faɗi wannan don in sage maka gwiwa ba. Difloma tana da amfani babba ga mai son ya shugabanci wurin gyara na kamfani, ko ya kula da motocin wata ma'aikata, ko ya ci gaba har ya zama injiniya. Ina so ne ka san cewa ba ita ce za ta koya maka abin da mai na'urar nan yake yi a cikin shekararka ta farko ba.

Makarantun da aikinsu kai tsaye shi ne horar da masu gyaran mota su ne kwalejojin fasaha na gwamnati. Jihar Legas tana da biyar a ƙarƙashin hukumar LASTVEB, a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Epe da Ado-Soba, kuma ta Agidingbi da ke Ikeja ba ta da nisa da Agege. Tsarinsu na asali shekara uku ne ga yaran da suka gama aji uku na ƙaramar sakandare, su kammala da jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, su sami takardar shaidar fasaha ta NTC, don haka kai ka wuce wannan matakin. Duk da haka ka taka da ƙafarka ka je ka tambayi irin horon da suke bayarwa ga wanda ya gama sakandare ko yake kan koyon sana'a, domin a wajensu za ka sami sahihin bayani, ba a bakin 'yan unguwa ba. Ita NABTEB, wadda hedikwatarta take Benin, tana shirya jarrabawar 'yan waje a ƙarshen shekara, kuma aikin kanikancin mota yana cikin fannoninta. Akwai kuma gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda aka fi sani da Trade Test, mai matakai uku, ana farawa daga na uku a haura zuwa na ɗaya. An yi shi ne domin irinku da suka koyi aiki da hannu, kuma takarda ce ta gwamnati da ake iya gabatarwa wajen neman aiki. Idan kuma wata rana ka ji kana sha'awar koyarwa, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Akoka tana horar da malaman fannin mota a matakin NCE.

Sai kuma cibiyoyi masu zaman kansu da ke ba da horo na 'yan makonni ko watanni a kan wutar mota da aiki da na'urar bincike. A Legas suna da yawa, kuma irin wannan gajeren horo shi ne ya fi dacewa da buƙatarka ta yanzu, amma a nan ne kuma aka fi cin kuɗin matasa. Kada hoton talla a Facebook ya ɗauke maka hankali. Ka je wurin ranar da ake darasi ba tare da ka sanar ba, ka ƙirga motocin da ke ciki da ɗaliban da ke kewaye da kowace mota. Ka duba ko ɗalibi yana riƙe mita da hannunsa yana aunawa, ko kuwa kallon malami kawai yake yi. Ka tambayi wace hukuma ce ta amince da takardarsu, NABTEB ce, ko NBTE mai kula da ilimin fasaha, ko ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ka ce a nuna maka shaida, sannan ka nemi a haɗa ka da wanda ya gama a bara ka ji inda yake aiki yanzu. Cibiyar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ba ta cancanci kuɗinka ba.

Mu dawo ga mahaifinka. Ina roƙonka kada ka ɗauke shi a matsayin mai adawa da ilimi. Mutumin da yake sammako ya tafi Mile 12, ya san ranar da albasa ta yi daraja da ranar da ta ruɓe a buhu, ya kuma san bakin mutum nawa ke jiran abin da zai kawo, dole ya riƙa auna komai da abin da zai dawo gida. Ya ga yadda 'yan'uwanmu da yawa suka rasa abin yi dare ɗaya lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, saboda ba su da wata sana'a a hannu, ya kuma ga masu takardu suna yawo da fayil. Ya zaɓa maka abin da babu dokar da za ta ƙwace maka shi, kuma wannan zaɓi na ƙauna ne. Batun alkawari ma yana da gaskiya ƙwarai. Shi ya kai ka, da bakinsa aka ƙulla, kuma aminci tsakaninsa da maigidanka ya girme ka. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari a Legas, kuma abin da ya zaunar da iyayenmu lafiya a Agege da Idi-Araba da Obalende shi ne maƙwabta sun san idan sun faɗi magana suna cikawa. Inda nake ganin bai hango ba shi ne sana'ar da ya sa ka ita kanta tana sauyawa, kuma karatun da kake nema na ƙarfafa wannan sana'ar ne, ba na guje mata ba. Wataƙila ma ba a taɓa bayyana masa haka ba, abin da kawai ya ji shi ne ɗansa yana so ya bar aiki ya koma aji.

Game da kuɗin adashen mahaifiyarka, ka gode mata, ka yi mata addu'a, amma kada ka karɓa a ɓoye. Makaranta ba abu ba ne da ake ɓoyewa, ko ba jima ko ba daɗe zai sani, kuma ranar da ya sani ba kai kaɗai abin zai shafa ba, zamanta da mijinta za ka jefa cikin matsala. Ka roƙe ta ta ajiye kuɗin, ta kuma taya ka shawo kansa, domin ta fi ka sanin lokacin da ake yi masa magana ya saurara. Idan ya amince, taimakonta zai shigo a fili da albarka.

Idan za ka tunkare shi, ka fara da abin da zai kwantar masa da hankali, wato ka ce, “Baba, zan cika alkawarin da ka ɗauka, ba zan bar gareji ba sai an yaye ni.” Bayan wannan ne za ka kawo sauran magana, kuma ka kawo ta da lissafi irin na ɗan kasuwa. Daga gobe ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta duk motar da aka kira mai na'ura a kanta, da abin da aka biya shi, da duk motar da kuka mayar saboda matsalar wuta. Bayan wata biyu ka tara jimla ka ajiye a gabansa tare da kuɗin horon da kake so ka yi, ka bar shi ya kwatanta da kansa. Idan kana jin nauyin yi masa magana kai tsaye, wanda kuma ba laifi ba ne, ka nemi kawunka ko limamin masallacinku ko wani dattijo da yake jin maganarsa ya zauna tare da ku, amma ka zaɓi wanda zai sasanta, ba wanda zai je ya nuna masa ya yi kuskure ba.

Maigidanka kuwa shi ne mabuɗin wannan al'amari, kuma yadda ka siffanta shi ya ba ni ƙwarin gwiwa. Ka sani cewa dattijon da ya shekara da shekaru yana aiki, ba ƙaramin abu ba ne a wajensa ya tsaya yana kallon wani yaro ya zo da na'ura ya karɓi kuɗi a cikin garejinsa, ko da bai taɓa furtawa ba. Kada ka je masa da maganar cewa aikinsu ya tsufa. Ka same shi bayan an tashi, ka gaishe shi irin gaisuwar da ka san Yarabawa suna so daga ƙarami, ka ce kana neman izininsa ka riƙa zuwa koyon aikin wuta ranar Asabar ko da yamma sau biyu a mako, domin kuɗin da yake fita ya riƙa tsayawa a garejin. Ya fi kyau mahaifinka ya kasance a wurin, tunda da shi aka yi yarjejeniya, a kuma fayyace ranakun da za ka riƙa fita da yadda za ka rama su. Idan Allah ya sa ka fara ganewa, ka kiyaye harshenka. Kada ka taɓa gyara masa magana a gaban mai mota ko a gaban sauran yara. Ka ja shi gefe ka ce, “Oga, ko in auna wayar nan mu gani kafin a sayo sabuwa?” Idan aikin ya yi kyau ka bar yabon ya tafi gare shi. Da haka ne shi da kansa zai fara tura ka gaba, har ya yi alfahari da kai a cikin 'yan'uwansa kanikawa.

Akwai jimla guda a wasiƙarka da ba zan tsallake ba, wato muzantar da kake ji idan abokanka suka zo hutu. Na ji daɗi da ka faɗe ta, domin faɗinta alama ce ta mai gaskiya. Ka tambayi zuciyarka a keɓe: da a ce babu wanda yake ganinka cikin baƙin mai, za ka so wannan karatu? Idan amsar ita ce e, to niyyarka ta tsaya da ƙafarta. Idan kuwa rabin abin neman suna ne, ka sani cewa mai difloma a wannan fanni shi ma rigar aiki yake sawa, shi ma yana shiga ƙarƙashin mota. Kai a shekara 20 ana damƙa maka birkin motar da za ta ɗauki iyali ta hau gadar Third Mainland, rayuka suna rataye a kan notin da ka ɗaure. Ban ga abin muzanta a nan ba. Ka dai riƙa tsafta, ka ware kayan aiki da na fita, ka wanke hannu da kyau, domin mai mota ma ya fi sakin jiki da bakanike mai tsafta.

Ga yadda nake ganin ya kamata ka yi amfani da shekara biyun da suka rage. Tun bana ka yi rajistar jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO ka gyara Kimistiri, domin galibin makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ɗan abin da ake ba ka na alheri ka tara ka sayi mitar awon wuta, wadda ba ta da tsada idan aka kwatanta da babbar na'ura, ka fara da abu mafi sauƙi. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna kimanin bolt 12.6, idan an tayar da inji kuma altaneta tana caji yakan hau zuwa wajen 14. Ka auna wannan a kowace mota da ta shigo har ya zame maka jiki, sannan ka wuce zuwa fis da waya da sensa. Ka dage da karanta Turanci, domin littattafan gyara da zanen wayoyi da saƙon da na'ura take fitarwa duk da shi suke zuwa. Ka riƙa tsayawa kusa da mai na'urar nan idan ya zo, ka riƙe masa fitila, ka yi tambaya cikin ladabi. A shekara ta farko ka yi gajeren horon wutar mota ka kuma zauna matakin da ake farawa da shi na Trade Test, wato na uku, a ta biyu ka gwada NABTEB idan hali ya yi. Ranar da za a yaye ka, sai ta same ka da takardar maigida da ta gwamnati, da kuma ilimin da garejinku bai da shi a da.

A lokacin ne za ka yanke shawara a kan difloma, kuma za ka yanke ta da idon wanda ya san abin da yake so. Yabatech tana da karatun wucin gadi ga masu aiki, wanda zai ba ka dama ka riƙa neman kuɗi da sifana kana biyan makaranta da kanka, ba tare da ka ɗora wa mahaifinka nauyi ba. Idan kuma karatun cikakken lokaci ka zaɓa, tun 2024 gwamnatin tarayya take ba ɗaliban manyan makarantunta bashin karatu marar ruwa ta asusun NELFUND, sai ka karanta sharuɗɗansa da kyau ku tattauna da mahaifinka, domin bashi ne da za a biya, ba kyauta ba. Ɗalibin da ya shiga aji bayan ya sauke inji da hannunsa yana fahimtar darasi fiye da wanda bai taɓa riƙe sifana ba, kuma manyan wuraren gyara na kamfanoni sun fi son wanda ya haɗa hannu da takarda.

Idan maigidanka ya ƙi ba ka lokaci, kada ka yi fushi ka fice. Jarrabawar Kimistiri da aikin mita da karatun dare ba sa buƙatar izinin kowa, sai ka jinkirta horon zuwa bayan yaye, shekara biyu ba ta da yawa ga mai shekara 20. Idan kuma mahaifinka ne ya tsaya a kan bakansa duk da lissafin da ka nuna masa, ka yi masa biyayya ka ci gaba da abin da ba ya cin kuɗinsa, ka bar aikinka ya yi masa bayani. Ranar da ya ji daga bakin amininsa cewa ɗansa ne ya gano matsalar da ta gagari kowa, maganar za ta sauya.

Wani abu kuma da ya kamata ka sa a lissafi wajen zaɓen horo shi ne inda sana'ar ta dosa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu motoci suka fara karkata zuwa mayar da su masu aiki da iskar gas ta CNG, kuma motoci masu haɗa fetur da batir suna ƙaruwa a cikin tokunbo. Waɗannan biyun ba a koyonsu da lalube. Babban batirin irin waɗannan motoci yana ɗauke da wuta da takan haura bolt 200, wayoyinsa masu launin ruwan lemo ne domin gargaɗi, kuma taɓa su ba da sani ba yana iya kashe mutum nan take. Tukunyar CNG ita ma tana riƙe da iska mai matsi sosai, kuma wadda aka yi wa ƙirar gida ko aka ɗaura ba bisa ƙa'ida ba tana iya fashewa. Idan aka kawo irin waɗannan motoci garejinku kafin ka sami horo, ka ja hannunka, ka kuma faɗa wa sauran yara su ja nasu. Idan ka tashi zaɓen cibiya, ka fifita wadda take koyar da su da kayan kariya a kan wadda take alkawarin koya maka komai a mako biyu.

A makon nan ka nemi izinin rabin yini daga maigidanka, ka je Agidingbi ka karɓo bayanin horon da suke da shi da kuɗinsa a rubuce, ka kuma tambayi inda ake rajistar Trade Test mafi kusa da ku. Ka sayi littafin lissafin nan ka fara rubutu, ka dakata da maganar da mahaifinka har sai ka tara abin nunawa. Idan ka samo takardun ka sake rubuto mini da abin da aka ce maka, mu duba tare wanne ya dace da aljihunku da lokacinka. Ka gaishe mini da mahaifanka da maigidanka, Allah ya yi maka jagora ya sa albarka a hannunka.